Mazajen Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa bin gudiron da ya tashi daga Damagaram ya nufi Gure ya san Gidimuni, ko bai sauka ba. Ka wuce Mirya, ka yi ta keta rairayi da gonakin gero har ido ya gaji, sai ka hango kawunan dabino sun yi duhu a cikin kwari, ruwan tafki yana ƙyalli a tsakaninsu. Kafin mota ta gama tsayawa yara sun cika tagogi da rake. A garin nan aka haife ni, kuma a bakin tafkin nan na san mazaje biyar da nake so in ba ku labarinsu. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ba zan kama sunayensu ba, don a gidanmu ba a kiran babba gatsau, kuma iyalansu suna nan da rai. Zan kira su yadda na saba kiransu ina yaro.

A shekarar 1984 na san su sani na haƙiƙa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Damina ta sauka, aka yi shuka, sai ruwa ya ɗauke. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Tun kafin wannan, a watan Afrilu, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ta canza launin takardun naira. Mu mutanen Damagaram Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma duk shekarar da rumbu ya gaza, daga kudu abinci yake zuwa. Wannan karon sama ta rufe, kudu ma ta rufe. Shi ya sa har gobe tsofaffinmu ke kiran yunwar nan El-Buhari.

Wanda abin ya fara buga wa shi ne Kawu, yayan Inna. Bafatake ne ɗan bafatake. Da jakunan mahaifinsa ya soma, yana loda kanwa da dabino, ya bi ta Maigatari da Gumel har kasuwar Kurmi a Kano, ya komo da goro da atamfa da kananzir da langa-langa na jeren amare. Da tafiya ta yi tafiya ya bar jaki ya koma haya a kamiyo. Shi ya fara yin rufin kwano a unguwarmu. Matansa biyu, ƴaƴa cike da tsakar gida, kuma in ya dawo daga kudu tun daga ƙofar zaure ake jin ƙamshin Bint El Sudan a rigarsa. Duk abin da ya tara a naira ya tara shi, cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, domin a Kano cinikinsa yake. A shekarar nan ya yi niyyar sauke farali.

Wa'adin canjin kuɗi bai cika mako biyu ba, iyaka kuma a rufe. Ina tuna daren da aka aike ni gidansa da tuwo. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure, aci-balbal tana hayaƙi, akwatin a buɗe, ya jera damman kuɗi a kan buzun salla yana kallonsu. Bai ji sallamata ba. Na ajiye kwano na fita a guje, na je na raɗa wa Inna cewa Kawu ya zama attajirin duniya. Ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Ban gane kukan ba sai bayan ƴan kwanaki, da na ga ƙananan ƴaƴansa a bakin ƙofa suna wasan kasuwa, suna sayen tuwon ƙasa da takardar naira ashirin, ba mai tsawata musu.

Mutumin da dukiyarsa ta zama takarda cikin dare ɗaya, ana zaton zai kwanta ciwo. Kawu ya sayar da rediyonsa da kwanon rufin ɗaki guda, ya yi hayar raƙuma biyu a wurin wani Buzu, ya shiga daji. Ba ta hanya ya bi ba, ta bayan gari, da dare, inda ko ɗan duwan ko soja ya gan ka sai yadda Allah ya yi. Aka daɗe ba labari. Kowace safiya sai a ji sabon zance a bakin rijiya: an yi harbi a wuri kaza, an kama wasu, an kwashe musu kaya. Inna ta daina barci. Ina kwance ina jin ƙarar carbinta a cikin duhu, in kare ya yi haushi sai carbin ya tsaya, ni ma numfashina ya tsaya. Ranar da ya dawo, da raƙumi ɗaya ya dawo, tafin ƙafarsa ya tsattsage yana jini. Bai shiga cikin gida ba. A zaure ya sa aka kwance buhunan garin rogo da masara, ya ɗauki tiya da hannunsa ya auna wa gidan kowace ƙanwarsa, sannan ya tura wa matansa abin da ya rage.

Tun daga ran nan ya rantse ba zai ƙara ajiyar naira ba, sai sefa, kuɗin da Faransa ke tsaye a bayansa. Ya sake ɗagowa a hankali. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Na je gaishe shi a kwanakin nan, na same shi yana ba tumaki ɓawon wake. Ya ce mini, "Ɗana, abin da ba shi da saiwa kuma ba shi da ƙafa, kada ka kira shi dukiya." Bai ga Ka'aba da idonsa ba. Babban ɗansa, wanda ya gaji fataucin, shi ya yi masa aikin hajji bayan rasuwarsa.

Na biyu shi ne Sajan, mutumin da muka fi tsoro a duk garin. Tsohon sojan Faransa ne, an kai shi Indoshin, daga can aka wuce da shi Aljeriya. Yatsu biyu na hannunsa na hagu babu. Yana tafiya a miƙe ko da ya tsufa, kuma da dare wani lokaci a kan ji shi yana ihu da wani yare da ba Hausa ba, ba Barbarci ba, har matarsa ta tashe shi. Mu yara muka yanke cewa yana da aljanu, in za mu wuce ƙofarsa sai mu tsallaka ɗaya gefen. Allah bai ba shi haihuwa ba. An sha ba shi shawarar ya ƙara aure, ya ce matar da ta jira shi shekarun da yake bayan teku ba za ta ga kishiya a gidansa ba. A zaurensa akwai hoton Janar Seyni Kunce, wanda shi ma ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe biyu a rundunar Faransa kafin ya karɓi mulki a 1974, da wani ƙaramin gwangwani da lambobin yabo ke ciki.

Lokaci zuwa lokaci yakan sa tsohuwar rigar kaki ya tafi Damagaram karɓar fansho. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, domin wata doka da aka yi a Faransa a ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, alhali na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Amma a 1984 wannan ɗan kuɗin shi ne kusan kuɗi kaɗai da ke shigowa unguwarmu ba tare da jiran ruwan sama ba.

Da kaka ta zo babu abin girbi, mutane suka fara gangarowa daga arewa, daga wajen Damargu, Buzaye da Fulani da Hausawa, suna bin labarin cewa a Gidimuni akwai ruwa. Suka kafa bukkokin tsumma a kan tudu. Sajan ya sayi dawa da fanshonsa, matarsa ta ɗora babbar tukunya, kowace asuba tana dama kunu. Shi kuma ya tsaya a ƙofa da tsumagiya. Yakan jera yaran baƙi layi ɗaya, ƙanana a gaba, manya a baya, wanda ya kutsa ya sha zana a ƙafa. Ina leƙowa ta bayan danga ina cewa a raina, wannan wane irin mugu ne, yaro yana jin yunwa kana dukansa? Sai da na ga wani rabon taimako a wani wuri, inda aka sauke buhunan jar dawa babu mai tsare layi, ƙarti suka tattake mata, wata tsohuwa ta tashi da ƙoƙonta a fashe babu ko ƙwaya, sannan na san abin da tsumagiyar Sajan take karewa. A ƙofarsa ƙaramin yaro ne ke fara sha.

Ya rasu ba da jimawa ba bayan mutuwar Kunce a watan Nuwamban 1987. Mutumin da aka yi ta tausaya wa cewa ba shi da mai ɗaukar makararsa, sai da aka yi ta karɓa-karɓa don kowa ya samu ya sa kafaɗa. Sai a 2007 Faransa ta fara daidaita fanshon nan, lokacin ƙasa ta daɗe da rufe masa ido.

Na uku muna ce masa Baffa. Bafillace ne, abokin mahaifina tun suna samari. Kowane rani yakan sauka da garkensa a gonarmu ta tudu, shanu su ci kara su bar mana taki, matarsa ta kawo nono Inna ta auna mata gero. Jajayen shanu gare shi masu dogayen ƙahoni, kowace da sunanta, in ya yi kira daga nesa sai ka ga ta ɗaga kai. Shekaru kafin yunwa ya ba Baba karsana habbanaye, wato aron da Fulani ke yi: ka riƙe ta ta haifa maka, maruƙan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Ta haifa mana biyu. Ƙaramar ni nake kiwonta, ni nake yankan mata ganyen rake, a jikinta nake jin ɗumi da sanyin safiya.

A ƙarshen 1984 Baffa ya iso da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na garkensa ba, su ma ƙashi da fata. Hanyar da ya biyo, in ji masu zuwa, gawarwakin shanu ne dama da hagu. Warin ya iso gari kafin su. Ungulaye suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Mahauta suka zo daga birni suna sayen saniya a kuɗin da bai kai na ƴan tiyoyin gero ba, su yanka a nan take su shanya naman. Wadda ta faɗi ba ta tashi, sai maza huɗu su sa sanduna a ƙarƙashinta su ɗaga, ta tsaya tana rawa, gobe ta sake faɗuwa. Da ta ƙarshe ta mutu, Baffa ya hau kan tudu ya zauna, sandarsa a kafaɗa, hannuwansa a rataye a kanta yadda makiyayi ke yi in yana bayan garke, yana duban fili. Haka ya wuni. Na ji Inna tana cewa a sa masa ido, kada ya shiga tafki.

Da magariba Baba ya kwance saniyar da maruƙanta biyu, ya miƙa mini igiya ya ce in biyo shi. Muka hau tudun. Baffa ya dubi shanun, ya ce uwar tasa ce, ya karɓa, amma maruƙan haram ne a gare shi, al'ada ba ta ce haka ba. Baba ya ce, "Al'adar ta masu garke ce. Ka yi garke tukuna, sa'an nan ka koya mini al'ada." Ya ƙwace igiyar daga hannuna ya ɗaura a sandar Baffa, ya juya. Na yi kuka tun daga kan tudu har gida, ba don Baffa ba, don maraƙata. Kwanaki ban gaida Baba da sakin fuska ba.

Na huɗu malamin lakwal ɗinmu ne, Mushe. Bazabarme ne daga yamma, gwamnati ta turo shi yana saurayi, ya zo ba ya jin Hausa sosai, ya zauna har ya auri ƴar garin. A shekarar nan ajinmu ya zube. Wasu sun bi iyayensu cirani, wasu suna daji suna tsinkar anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita a iya ci. Ni ma na daina zuwa, ina taya Baba ban ruwa. Wata la'asar sai ga Mushe a garka, wandonsa a naɗe, takalmi a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Baba, yaron nan bana zai yi satifika. In ya bari bana, ya bari ke nan." Baba bai daina jan jigo ba. Ya ce, "Mushe, boko ake ci?" Mushe ya ce, "Bana ba a ci. Amma yunwa za ta wuce, shi kuma yana nan." Ya ajiye takalmansa, ya karɓi guga, ya yi ban ruwan da ya kamata in yi har rana ta faɗi, hannuwansa na alli suka yi ƙulli. Washegari da asuba Baba ya taɓa ƙafata ya ce, "Kai, tashi ka tafi."

A bakin Mushe na fara jin tarihin ƙasarmu a jere: yadda Sarki Tanimun ya kewaye Zinder, wato birnin Damagaram, da garu ya sa aka ƙera masa igwa, yadda Bature Barth ya ratso ƙasar nan daga Kukawa ya isa Zinder a ƙarshen 1852, yadda Amadu Kuran Daga ya tari Faransawa a Tirmini a 1899. Yana faɗa cikinmu yana kuka, nasa ma haka, amma sai ya sa mu maimaita shekarun har su zauna. Daga baya aka yi masa canjin wuri. Ya sha watannin da ma'aikata suka yi ta yi ba albashi a shekarun 1990, bai bar allo ba har ya yi ritaya. Cikin ƴan tsirarun da ya bi gida-gida ya maido aji a shekarar nan, akwai wanda ya zama likita, akwai ungozoma, akwai malamai irinsa.

Na bar Baba a ƙarshe domin nasa ya fi mini nauyi. Ni ɗan fari ne, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" ne, ko "yaron nan". Bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa yaba mini a gaban mutane ba. Ina ganin yadda yake wasa da ƙannena, ina ɗauka ni ne ba ya so. Manomin garka ne, ba shi da wata sana'a. Rake, rogo, albasa, barkono, da dabinon da ya gada daga kakanmu. Shi yake hawa da kansa ya sa wa macen dabino furen namiji, ƙaya tana yankar ƙirjinsa. Tafin hannunsa ya yi kanta har yana ɗaukar garwashi ya kunna wa baƙo taba bai ji ba. Kafin kiran assalatu yana bakin rijiyar garka, kuma ƙarar jigonsa ita ce agogon unguwa.

Da gwamnatin Kunce ta yi shelar a koma noman rani a duk inda ruwa yake, Baba bai jira an zo an roƙe shi ba. Ya sare rakensa tun bai nuna ba, raken da shi ne kuɗin tufafinmu na salla, ya yanka filin ƙanana-ƙanana ya raba wa baƙin da ke kan tudu. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, ya koya musu yin kwami da dashen albasa da binne itacen rogo. Wasu maƙwabta suka ce ya haukace, baƙo in ya ji daɗin ƙasa ba ya tashi. Bai tanka musu ba.

Sai ƙyanda ta shigo. Ta fara daga bukkokin tudu ta gangaro cikin gari, ta sami yara jikinsu ba ƙwari. Iskar hunturun shekarar ta zo da ƙura ja, rana tana fitowa ba a ganinta, ƙasa tana shiga cikin hanci da kwanon abinci. Ƙanwata, autar Inna, ta kwanta. Idanunta suka liƙe, numfashinta yana fita da ƙara, Inna tana ɗiga mata ruwa da tsinken tsintsiya. Da hantsi ta cika. Baba ya naɗe ta a tabarma, ya ɗauke ta a hannu biyu kamar mai ɗauke da damin da yake tsoron ya zube, muka bi shi maƙabarta. Aka dawo, aka yi addu'a a ƙofar gida. Kafin la'asar na ji ƙarar jigo.

Na tsane shi a ranar. Ina faɗa muku gaskiya, na tsaya a bakin danga ina kallon bayansa yana sunkuyawa yana ɗagowa, na ce wannan mutum ba shi da zuciya. Ban san lissafin da ke kansa ba. Albasar da aka dasa cikin rairayi, in ta kwana biyu ba ruwa a wannan iska, ta tafi, kuma bakin da ke jiran garkar nan ya wuce na gidanmu. Bai da damar zaman makoki. Inna ce ta gaya mini, bayan na girma na yi iyali, cewa daren nan bai shigo ɗaki ba, a garka ya kwana, kuma da ta kai masa ruwan alwala da asuba ta tarar muryarsa ta dushe.

Na ci satifika, aka tura ni Damagaram, daga kwalej har na shiga lise mai sunan Amadu Kuran Daga. Duk ƙarshen wata sai direban wata mota ya miƙo mini ƙullin tsumma da ƴan kuɗi a ciki, da dabino, ya ce daga gida. Ban taɓa tambayar inda suke fitowa ba. A birnin nan na ga ragowar garun Tanimun da idona, na ga hawan salla a ƙofar fadar Sarki Abubakar Sanda, na ji Mu'azu Ɗan Alalo yana wasa sarakuna da jerin iyaye da kakanni har tsigar jikina ta tashi. Na karanta littafin da Andre Salifu ya rubuta a kan daular Damagaram, na kuma saurare shi a rediyo yana jagorantar Taron Ƙasa na 1991. Ina cikin taron da ya cika titi a 1993 da Mahamman Usman, ɗan Zinder, ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Waɗannan manyan mutane ne, ina girmama su, kuma Allah ya ba su marubuta da makaɗa masu riƙe musu suna. Mazajen bakin tafki ba su da kowa sai mu da muka ci daga hannunsu.

Baba ya rasu bayan yunwar 2005 da kaɗan. Da aka zauna rabon gado, malamin da ke rabo ya zo kan dabino, sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce akwai magana. Itatuwa bakwai mafiya kyau, waɗanda kakanmu ya dasa, Baba ya jinginar masa da su tun shekarar da na tafi birni. Duk shekarun karatuna shi ke cin amfaninsu, Baba yana hawa yana yi musu aiki, yana sauke nonnan ya kai gidan wani. Sai da na fara ɗaukar albashi da shekaru sannan ya gama fansarsu, da kuɗin albasa, bai taɓa neman ko dala a wurina ba. Dattijon ya ce, "Ya roƙe ni kada yaron ya ji." Dabinon da ake aiko mini a ƙullin tsumma, sayensa yake yi. Na tashi daga cikin mutane na zaga bayan zaure. Ina da ƴaƴa a lokacin, furfura ta fara fito mini, amma sai da ƙanena ya zo ya riƙe ni.

Ana cikin kwanakin zaman makoki sai ga wani Bafillace matashi a ƙofar gida, riƙe da igiyar jar karsana. Ɗan Baffa ne. Ya ce mahaifinsa ya rasu da garke a bayansa, kuma duk garken daga shanu ukun nan ya fito. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa ranar da abokinsa ya mutu, a kai wa yaron da ya yi kuka a kan tudu jikar maraƙarsa. Na ce masa ni ma'aikaci ne a birni, ina zan kai saniya? Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce, shi saƙo aka ba shi.

Yau Gidimuni ta canza. Injin ban ruwa ya kori jigo, rairayi yana matso tafki, kacalla tana cin bakinsa, kuma tun 2019 an sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke kulawa da su. Jikokin wasu daga cikin baƙin tudu suna nan, sun zama ƴan gari, da garkunansu. Ƙannena ne ke hawan dabinon kakanmu. Karsanar kuwa na riƙe ta a wurin ƙanena har ta hayayyafa, kuma da na ji labarin wani makiyayi da fari ya share wa garke, na sa aka kai masa ɗaya daga cikin ƴaƴanta habbanaye. Ya aiko yana tambayar sharaɗi. Na ce a gaya masa ya yi garke tukuna, kuma in ya yi, ya nemi wanda ba shi da ko ɗaya ya miƙa masa igiya.

Allah ya jiƙan Kawu da Sajan da Baffa da Mushe. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ruwan da ya ja da jigo ya zame masa sanyi a kabari. Wanda duk ya karanta wannan, in yana da irinsu a raye, ya je ya zauna kusa da su ya yi tambaya tun bakinsu yana motsi, domin irin waɗannan mazaje ba sa faɗin abin da suka yi sai an matsa musu.